Dariyar Malam Kyari a Silima

Zuwa ga ƙanena Mamman, a Dakar.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina lafiyarka, ina iyali, yaya zaman baƙunta? Inna ta samu sauƙin ƙafar, gida kowa lafiya, alhamdu lillahi.

Bayan haka, ran Asabar na shiga silima nan Damagaram, na fito da takaici. Wasan ban dariya ne na Nasara a kan yaƙi. An nuna limamin coci yana yayyafa wa sojoji ruwa, yana yi musu alkawarin harsashi ba zai taɓa su ba. Da igwa ta tashi, shi ya fara shigewa ƙarƙashin mota, sojojin kuwa suka zube. Wuri ya kaure da shewa. Ma'aikatan biro, 'yan zaman ofis da ba su taɓa jin warin albarushi ba, har faɗowa suke daga benci.

Ka san wa ya fi kowa ƙyaƙyatawa? Malam Kyari, wanda ya ɗaura wa marigayi yayanmu Habu layu ranar da aka kwashe su soja zuwa yaƙin Indoshin, ya rantse wa Inna ƙarfe ba zai ci shi ba. Da muka fito ya kama hannuna, yana share hawayen dariya, ya ce, "Malam Isa, ka ga ƙaryar kafirai?"

Na ce, "Na gani, Malam. Su dai nasu ya raka su har bakin daga."

Sai ya sakar mini hannu.

Ka gaida maiɗakinka da yara, ka sa Habu a addu'a. In ka rubuto kada ka ambaci wannan, don a gaban Inna ake karantawa. Har yau duk Juma'a tana aika wa mutumin nan tuwon sadaka.

Yayanka, Isa.