Damin Gero Mai Ƙullin Hagu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, wadda ke kwance a Matankari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, gwiwa biyu a ƙasa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin rahamar Ubangiji da sanyin makwanci. Ni ce Dije, ɗiyarki ta fari, wadda kunya ba ta taɓa barin ki kira sunanta ba. Yanzu na girme ki nesa ba kusa ba, haƙora sun zube, rubutun ma da furfura a kaina na koya. Wasu za su karanta wannan tare da ke. Su yi haƙuri, maganar tsakanina da ke ce.

Ba gaisuwa kaɗai ta kawo ni ba, Inna. Tuhuma na zo da ita, kuma ta daɗe a cikina.

Kin tuna bazarar farko bayan an kai ni Dogon Dutsi, lokacin Nasara na mulki? Mu 'yan Matankari da muke ganin mun girmi kowa a Arewa, na je da niyyar raina garin, sai garin ya saye ni. Jan dutsen nan tsaye a kan mutane kamar mai gadi. Da hantsi ya yi zafi kamar tanda, da la'asar kuma iskar kudu ta taso ta ratsa lunguna, kowa ya fito ƙofar gida ya miƙe ƙafa.

Na ji daɗin bazarar nan, ba zan ɓoye miki ba. Maza na gayyar jinka, yau a wannan gida gobe a wancan, suna ihu a kan ɗaki kamar su suka ƙirƙiro ciyawa. Ana yasar rijiyoyi, mu mata muna tsaye da tuluna muna yi wa mai shiga ciki tsiya. Mukan hau dutse neman itace mu dawo da zane cike da nunu, 'ya'yan danya, haƙora sun mutu da tsami. Daga can sama kina ganin kasuwa, da raƙuman fatake, da farar katangar bariki, da Fulani na kora shanunsu ramammu zuwa fadama. Ranar da shamuwa ta sauka a kan tsamiyar unguwarmu, yara suka kusa tsage maƙogwaro don murna, tsofaffi suka ɗaga kai suna duban gabas.

Amma a ƙarƙashin wannan murna akwai abin da ke cin kowa. Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba. Sannan gardawa masu jar hula, dogaran kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, suka bi gida gida suna hawa rumbuna, suna kwasar gero zuwa rumbunan da ke bayan bariki. Wai ajiya ake yi mana don ranar yunwa. Yunwar na zaune a tsakar gida, ajiyar na bayan katanga. Abin da kowa ke tsoro shi ne ruwa ya sauka babu irin shuka.

Sun zo gidanmu. Maigidana, wanda yanzu da ya rasu ni kuma na tsufa zan iya faɗin sunansa, Arzika, ya ce in shige ɗaki. Daga ciki ina jin faɗuwar damma a ƙasa har na daina bin lissafi. Da suka tafi ya hau ya mayar da murfin rumbu, ya sauko, ya wanke hannu. Ni kuma ke kika koya mini cewa mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Abin da ya jefo mata shi take sussuka. Ko rumbun cike yake ko iska ce a ciki, asirin namiji ne.

Kwanaki suka tura. Maƙwabta suka fara haɗa dusa da ganye, wasu suka koma jiƙa anza, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci da ba a ci sai wuya ta kai wuya. Mu kuwa kullum Arzika ya hau rumbu ya jefo mini gero. Ba mai yawa ba, amma gero ne. Turmina na amsawa a unguwar da turame suka yi shiru.

Nan zargi ya shigo. A lokacin wani ya tona wa gardawa wurin da mutane suka ɓoye hatsi a kogunan dutse, aka je aka kwashe, ba a san kowane ne ba. In na iso rijiya sai hira ta mutu. Wata rana wata maƙwabciya ta ce, tana duban guga ba ni ba: “Wasu gidaje gardi ɗauka yake, wasu gidaje ajewa yake.” Na ɗauki tuluna na dawo gida.

Na sa wa mijina ido, Inna. Na ga yakan fita da jaki bayan sallar asuba ya yi arewa, wai neman ciyawar jinka, alhali ɗakinmu an riga an rufe shi. Ya dawo da kaya himili guda, jakin na nishi fiye da yadda ciyawa ke sa jaki nishi. In gardi ya gifta a kasuwa sai in dubi fuskar Arzika in ga ko za su haɗa ido. In ya yi dariya in ce a raina dariyar me. Tuwon da na tuƙa da hannuna ya koma yi mini ɗaci, don ina ganin hatsin maƙwabta nake haɗiya.

Da abin ya ishe ni na ɗaure zane na taho wurinki da ƙafa, da niyyar ba zan koma ba. Kina zaune kina kaɗi. Na zazzage miki duka. Ko ɗaga kai ba ki yi ba. Kika ce: “Koma ɗakinki. Mi ya haɗa mace da zancen rumbu?” Ruwan tsamiya kika sa aka ba ni, ba fura ba. Na koma ina kuka a hanya, ina cewa ke dama ba ki taɓa damuwa da ni ba.

Ba a daɗe ba igiyar kaya ta tsinke wa Arzika a ƙofar gida. Ciyawa ta watse, dami ya gangaro har gabana. Zangarku dogaye, zaɓaɓɓu, irin waɗanda ake warewa don shuka. An ɗaure shi da igiyar kaba, ƙullin ya juya ta hagu. Inna, a duk Matankari mutum ɗaya na sani bahago mai ɗaurin dami, kuma ke ce. Da wannan ƙulli na girma, da haƙorana nake kwance shi ina yarinya. Arzika ya tuɓe rigarsa ya rufe damin, ya ɗauka ya hau rumbu. Ban tambaye shi ba, shi ma bai dube ni ba.

Daga ranar zargina ya tashi daga kansa ya koma kanki. Abin da har yau ya ɗaure mini kai shi ne yadda kuka yi. Mutumin da in ya hango ki a hanya yakan ratse cikin daji ƙaya na yagarsa, ke kuma da ba ki taɓa haɗa ido da surukinki ba, a ina kuka ƙulla wannan magana? Ina zargin ƙawarki Hajjo, Bafillatar nan da rugarsu ke tsakanin garuruwan biyu. Bayan shekaru na ritsa ta a kasuwa na tambaye ta. Ta gyara faifan ƙwaryarta ta ce ita nono take sayarwa. Amma ta ƙi karɓar komai a hannuna, kuma idonta ya kawo ruwa.

Ruwa ya sauka da wata la'asar, da iska da ƙanshin ƙasa. Yara suka fita tsirara, manya suka manta da girma. Washegari gari kaf ya watse cikin gonaki. Arzika na gaba da sungumi yana sara, ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige. Kafin mu fita ya cika ƙwarya da iri ya zaga maƙwabta, har gidan mai maganar rijiya. Ta karɓa kanta a ƙasa. Maganar tonon asiri ta mutu a hankali, wanda ya yi kuwa Allah kaɗai ya san shi.

Da muka gama shuka na zo Matankari. Na bi ta gamanarki, 'yar gonar nan da kike nomawa tun rasuwar Baba. Gonakin da ke kewaye duk sun tsiro. Taki ciyawa ce kawai. Na same ki a ƙofar ɗaki, wuyanki ya yi tsawo, zanenki ya zagaye ki har ya yi saura. A bayan ɗaki na ga tukunyar anza a jiƙe. Kika riga ni magana, kika ce: “Bana ƙasa ta gaji, na bar ta ta huta.” Ke da ko ciwon baya bai taɓa hana ki shuka ba.

Na koma na ɗebo gero na kawo miki. Kika ce uwa ba ta cin hatsin gidan suruki, kika sa aka raba wa 'ya'yan Baffa, ɗan'uwan Baba. Hatsinki ne fa, Inna! Amma ban iya faɗa ba, don faɗarsa tonon asirin mijina ne, ke kuma kin san ba zan faɗa ba. Kin ɗaure ni ta kowane gefe.

Gero na fidda kai zazzaɓi ya kwantar da ke. Mutane suka ce zazzaɓin damina ne. Ni na ce zazzaɓi ya zo ya tarar da gida babu kowa. Ba ki ɗanɗani tumun shekarar ba.

Ina jin haushinki, kuma yau na faɗa. Da kin rage ko rabi. Da kin bar ni na raba wahalar da ke. Na yi shekaru ina cewa ba ki so na, ashe sonki ne ba ya da baki. Na haifi 'ya'ya, na ga jikoki, duk daga wannan shukar muka miƙe, amma babu ranar suna ko ta biki da ban waiga ina neman inda za ki zauna ba. Ina kewarki, Inna, irin kewar da tsufa bai rage ba.

Ba ki taɓa amsa laifinki ba, Arzika ma bai taɓa ba. Sai dai ga abin da ba ki sani ba. Da ruwan shuka ya sauka a shekarar da ta biyo, Arzika bai fara da gonarsa ba. Ya saɓa sungumi ya nufi Matankari, ya roƙi Baffa ya bar masa gamanarki, ya shuka ta shi kaɗai. Da kaka ya ɗaure abin da ta bayar ya raba wa gwauraye da marayun unguwarku, ko zangarniya ɗaya bai kawo gida ba. Haka ya yi ta yi har ƙafafunsa suka gaza, aka riƙa ɗora shi a kan jaki ana kai shi ya zauna a bakin gonar. Wannan ita ce shaidata, kuma ta ishe ni.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Allah ya ƙosar da ke daga abincin Aljanna, ya shayar da ke ruwan da babu ƙishi a bayansa. Allah ya haɗa ki da surukinki a inda babu kunya, ku gaisa ido da ido. In tawa ta zo, Allah ya sa in cika da imani, ya sa in iske ki, ki ɗaga kai ki dube ni.

Wassalam.

Ɗiyarki,
Dije