Ƙullin Rijiya

Birnin Kudu,
4 ga Maris, 1993.

Zuwa ga ƙanwata Talatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin Inna, yaya maigidan da yara? Ina fata kowa lafiya a Kwandiko.

Kin ji autanmu Munzali a rediyo? Wai injiniyan da ya ƙirƙiro ɗamarar matuƙan jirgin sama, mai riƙe mutum gam a kujera, in hatsari ya zo kuma a fizge ta sau ɗaya ta saki. Sabuwar jiha ta samu ɗan nunawa! Talatu, ƙullin Baba ne fa, wanda muke ɗaurawa a ƙugu mu sauka rijiya. Ɗan fari kaɗai ake koya wa, ni na karya al'ada na koya masa don ya ishe ni da naci. Yau shi ne a jarida, ni kuwa ina cikin taɓo ina yasar rijiyoyin mutane. Ko sunana bai ambata ba. Ba zan ɓoye miki ba, hassada nake ji, har tuwo ya daina yi mini daɗi.

Ki gaida Inna.

Yayanki,
Shehu.

Birnin Kudu,
19 ga Maris, 1993.

Talatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, wasiƙarki ta iso. Kin ce Munzali da kansa zai gwada ɗamarar ranar Litinin a Kaduna, za a ɗaure shi a kujera a kife shi cikin ruwa. 

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da na koya masa, na rage lanƙwasa ɗaya, ta ƙarshe, don ni ma in tsira da wani abu nawa. In igiya a bushe take, ba a gane bambanci. In ta jiƙe, ƙullin cijewa yake, ko ƙarti biyu ba sa kwance shi. Na ƙura wa hoton ɗamarar a jarida ido, babu lanƙwasar.

Kwana biyu zuciya tana raya mini in yi shiru ya sha kunya, kamar ban san abin da ruwa ke yi wa mutum ba. Allah ya yafe mini.

Na sa igiyar Baba a jaka, motar sassafe zan bi zuwa Kaduna. Na san sunansa za a ci gaba da kira, kuma ba zai daina yi mini ciwo ba. Amma gara in ji shi a labarai da in ji shi a sanarwar rasuwa.

Kada Inna ta ji. Ki sa mu a addu'a.

Yayanki,
Shehu.