Maƙwabcinmu Alec Ya Rasu

Zuwa ga ɗana Abba, a Selly Oak,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Na rubuto a nan inda jama'a za su gani ne domin wata huɗu ke nan ba ka ɗauki wayata ba.

Ina sanar da kai cewa maƙwabcinmu Alec ya rasu ranar Lahadi. Za a binne shi ranar Alhamis da hantsi, a nan Salford.

Ka fi ni sanin tarihinsa. Ya baro garinsu a Scotland yana saurayi, ya tsare baya a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ɗaya har gwiwoyinsa suka gaza. Wasu ƙungiyoyi sun yi ta zawarcinsa, bai tafi ba. Yakan ce mai tsaron baya ba ya barin wurinsa don ya hango ana shagali a gaba.

Shi ke raka ka filin ƙwallo kowace Asabar, ni ina gida, wai kunyar ɗan fari. Idan kun dawo sai ya tsaya a bakin ƙofa yana ba ni labarin wasanka, ni kuwa in yi kamar ina duba wasiƙun council, wato ƙaramar hukuma. Babu kalmar da ta wuce ni, Abba.

Da ya fara mance sunan 'yarsa, na ɗauko wata takarda a wurin GP, likitan unguwarmu, game da illar dukan ƙwallo da ka. Na karanta ta sau uku, na ja layi ƙarƙashin abin da ya tsorata ni, na je na cire sunanka daga ƙungiyarku ban shawarce ka ba. Har yau ban san ko na yi daidai ba. Abin da na sani shi ne na hana ka abin da ban taɓa zuwa na gani ba.

A shekarunsa na ƙarshe nakan zauna da shi bayan la'asar. Ya daina gane ni. Yanzu ko wannan zaman babu.

'Yarsa ta ce mutum shida ake bukata su ɗauki akwatinsa, abokan wasansa da suka rage kuwa duk sun tsufa. Ta tambaye ni ko za ka zo. Ban yi mata alkawari ba.

Na duba, akwai jirgin ƙasa da zai iso da kai kan lokaci. Zan tsaya a tasha. Idan ba ka son mu yi magana, ba sai mun yi ba. Ka zo dominsa, ɗana.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare min kai, ya sanyaya zuciyarka a kaina.

Ni ne,
Mahaifinka.