Yawon da Baba Ya Kai Mu

Campeche, ranar Litinin

Zuwa ga ƙanwata Casilda,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Nicanor da yaran. Allah Ya tsare ku, Ya sa sanyin Oregon bai taso miki da ciwon ƙafar nan ba bana. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya ƙi sauka. Maigidana Wilberth yana nan yana fama da aikinsa a tashar jiragen ruwa, 'yarmu Itzel ta gama jarrabawa, Goggo Prudencia kuwa gwiwa ce ke damunta, amma bakin yana nan daram. Na rubuto ne maimakon in kira, don da na ɗauki waya Baba zai jawo kujera ya kasa kunne, kuma maganar tasa ce.

Ranar Asabar ya tashi ya yi aski, ya sa farar rigar da ya sa a bikinki, ya ce mu shirya zai kai mu yawon buɗe ido. Baba fa, Casilda! Mutumin da tun muna yara yake yi wa baƙi dariya, wai sun biya kuɗin jirgi don su zo su kalli tsohon bango. Shi ne ya tasa mu gaba muka shiga motar nan mai buɗaɗɗen gefe da ke zagaya ganuwa, muka zauna cikin Amurkawa. Wilberth ya tsokane shi ya ce ko a sayo masa gajeren wando da tabarau ya cika baƙo sosai, shi kuma ya ce surukin da bai iya bambanta kifi da silifa ba, ba shi da bakin magana a garin masunta. Kowa ya yi dariya, ni kuwa na ce a raina banza ba ta kai zomo kasuwa.

Da muka hau tudun San Miguel sai ya riƙa tsayawa a kan hanya, wai yana kallon teku ne, kamar ba a cikinsa ya ƙare ƙuruciyarsa ba. A sama ya dafa wata tsohuwar igwa, ya nuna wa Itzel inda ya fara fita su da kakanmu, da bakin ruwan da ya fara ganin Mama tana sayar da soyayyen kifi. Sannan ya ce a yi masa hoto, shi kaɗai, ya ma cire hula. Kin dai tuna yadda muka yi ta roƙonsa a bikinki kafin ya yarda ya tsaya gaban mai hoto.

Daga nan ya kai mu gidan abincin Doña Herminia da ke kusa da Ƙofar Teku. Muka tarar an kama mana teburi, ita kuma ta fito da kanta tana washe haƙorin zinariya, tana kiransa Anacleto gatsal, ba ko Don ɗin girmamawa. Goggo ta zungure ni ta raɗa mini wai tsohon zakara ya soma sabuwar cara. Gaskiya nan zargina ya fara sauka, har na soma hararar baiwar Allah. Sai ya yi odar jatan lande soyayye da kwakwa, da gasasshen naman alade, da giya mai sanyi, duk abin da aka hana shi tun da zuciyarsa ta fara ba shi wahala. Na buɗe baki, ya ce yau babu 'yar sanda a teburinsa, in zan ci in ci. Amma ina lura da shi: loma kaɗan ya yi, sauran ya riƙa turawa farantin Itzel in ya ga kamar ba na kallo.

Muna cikin haka sai ga Likita Barahona ya shigo da matarsa. Shi ne fa wanda ya taɓa shiga har kicin ɗinmu ya ɗauke kwalbar gishiri ya sa a aljihu. Na gyara zama ina jiran faɗa. Ya zo ya dubi farantin, ya dubi giyar, ya dafa kafaɗar Baba ya ce ya ci abinsa, duk abin da ransa ke so ya ci. Ni ko kallona bai yi ba. Baba ya duƙufa yana gyaran hularsa da ba abin da ya same ta. Casilda, daga nan na ture farantina gefe. Da ma Doña Herminia ce, da na gode wa Allah.

Na bi likitan har ƙofa, ya ce in tambayi mahaifina, ai ba yaro ba ne. Da muka koma gida na tambaya, Baba ya ce zargi zai tsufar da ni kafin shi, wai gwajin da aka yi masa watan jiya lafiya lau ya fito. To ni ban san an yi wani gwaji ba sai a lokacin. Wilberth yana cewa kada in yi wa mutum makoki yana zaune yana cin jatan lande, wataƙila likita ne ya gaji da faɗa. Allah Ya sa haka ne. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma jiya na ga tarunsa a hannun maƙwabcinmu Don Evaristo, wai kyauta ya ba shi.

Kada ki kira shi da wannan magana, zai mayar da ke abin dariya ki ajiye waya kina ganin ni ce mai neman fitina. Ki nemi hutu kawai ki zo. Yau da safe ya ce Asabar ta sama zai ɗauki jirgin ruwa mu kalli gari daga teku. Na tambaye shi mutum nawa zan gaya wa mai jirgin, ya ce in sa da Casilda, ko da a ce. Ya yi dariya ya juya baya, amma bai ce in cire ki ba.

Ki gaida Nicanor, ki shafa mini kan Ximena da Teodoro. Goggo Prudencia da Wilberth da Itzel duk suna gaishe ku. Ina sauraron amsarki, Allah Ya kawo ki lafiya.

Taki yayarki,
Eulalia Pech