Turancina na Tudu da Idon Dama

Maamobi, Akra

Zuwa ga ƙanwata Zenabu,

Assalamu alaikum. Yaya Kumasi, yaya ƙafar nan taki, yaya yara? Surukata Amama ce take rubuta mini, ni ina faɗi.

Zenabu, idanuna duka biyu sun yi fari, kamar ana kallon duniya ta cikin koko. Dokta ya duba, ya ce sai an yi ofareshan. Na ce a'a.

Kin san ban je makaranta ba. Ɗan Turancin da na iya, a tashar motocin Tudu, nan Akra, na tsinta lokacin da nake sayar wa direbobi waace, shinkafa da wake, kuma duk masu wutsiyar "shan" ne. Steshan, inda mota take lodi. Jankshan, inda hanya ta haɗu da hanya, kamar na unguwar Malam. Ilekshan, ranar da ake dangwala yatsa, kasuwa ta mutu. Konfushan, in yaran mota sun kaure da faɗa a kan fasinja. Waɗannan duk na waje ne, ba sa cizo. Amma na asibiti daban suke. Injekshan allura ce, wannan na jure. Admishan shi ne a ba mutum gado. Kin tuna maigidana, Allah ya jiƙansa, da ƙafarsa ya shiga, aka ce admishan, daga nan ofareshan, a makara ya fito. To ni ma wuƙar za a kai wa idona? Bari in zauna da duhuna.

Ki gaida kowa.
Yayarki, Wadia

Zuwa ga Zenabu,

Sallama da fatan kina lafiya. Mun gode da atamfar suna.

An yi sunan ɗan jikata Najat, ya ci suna Abdul-Fatawu. Kin san al'adar gidanmu: bayan wanzami ya gama aski, a cinyar babbar gida ake ajiye jariri, ta dube shi, ta faɗi wanda ya ɗauko a dangi. Tun rasuwar Inna ni nake yi, kuma abin da na faɗa shi yake bin yaro har tsufa. Aka miƙo shi, mata suka kewaye ni. Zenabu, ban ga komai ba sai farin zane. Na shafa hanci, na shafa kunne, na ce maigidana marigayi ne sak. Aka yi guɗa. Amma na ji wata tana dariya ƙasa-ƙasa a bakin ƙofa.

Ban iya cin tuwon suna ba. Yaron nan zai tashi da kamannin da na laluba masa da yatsa.

Na ce Amama ta karɓo rana wajen dokta. Ta koya mini wani sabo, wai disishan, wato mutum ya yanke shawara. Na ce sai ka ce Bature ba shi da wata wutsiya. Ki sa a yi mini addu'a a masallacinku.

Taki, Wadia

Zuwa ga Zenabu,

Alhamdu lillahi, ina gaisuwa da ido ɗaya sabo. Yaya jiki?

An yi na dama. Ko gado ba su ba ni ba, ranar na dawo gida a tasi. Da aka cire audugar, abin da na fara gani bangon ɗakina ne, ashe ya yi baƙi haka ba wanda ya gaya mini. Na ga fuskata a madubi, na yi salati.

Sai na sa aka kawo yaron, na tara matan gida, na dube shi da kyau. Na ce na janye maganata ta ranar suna. Ba abin da ya ɗauko na marigayi. Goshin nan mai tudu, da leɓen ƙasa da yake turowa in zai yi kuka, ke ce, Zenabu, kamar ranar da Inna ta goya mini ke. Najat ta yi ta dariya har da hawaye.

Ki hau mota ki zo ki ga mijinki. Na hagu sai bayan Salla, kuma ke za ki riƙe mini hannu.

Yayarki, Wadia