Babur ɗin Abu Nasir

Al Wakrah, kusa da Doha, Afrilu 2020

Zuwa ga uwargidana Haulatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ke da Kausar da Inna kuna lafiya. A takarda na rubuta na ɗauki hotonta na turo, don ki karanta wa Inna, tunda ta ce maganar waya iska ce.

An kulle gari saboda korona, har masallatai. Maigidana Nasir ya hana kowa fita sai ni, ni ke cefane da ɗauko magani.

To mahaifinsa, dattijon da ake kira Abu Nasir, ya ji cewa ni bakanike ne a gida kafin in zo nan tuƙi. Ya ja ni gareji ya yaye wani tamfol. Haulatu, babur ne tun na samartakarsa, da shi yake zuwa aikin mai a hamada. Tanki ya yi tsatsa, tayoyi sun tsattsage, ɓera ya cinye wayoyi, fistin ya ƙage. Ya dafa ni ya ce, "Yalla, Ɗalhatu, tashe shi." Na jiƙa kafireta a kananzir, na fara kwance inji.

Ga abin da ke damuna. Nasir ya ja mini kunne kada in kusanci tsohon, don yana da ciwon suga, ni kuwa ina shiga jama'a. Ya ce, "In wani abu ya same shi, kai na sani." Amma kullum da la'asar sai tsohon ya saci jiki ya jawo kujera daf da ni, ya zare takunkumi wai yana shaƙe shi, yana miƙo mini sifana yana ba ni labari. In na matsa, ya matso. Yaya zan kori mutum daga garejinsa?

Ki gaida Inna, ta sa ni a addu'a.

Mijinki,
Ɗalhatu

Funtuwa, cikin azumi

Baban Kausar,

Assalamu alaikum, barka da ibada. Na karanta wa Inna rabin wasiƙarka, rabin na haɗiye saboda hawan jininta.

Ka mayar da tamfol ɗin nan ka rufe. Baƙo raɓa ne. Tsoho zai yi maka dariya, amma ɗansa ne kafilinka mai riƙe da takardun zamanka, shi zai iya ɗaure ka ko ya koro ka. Tuƙi ka je yi, ba kanikanci ba.

Ranar da muka yi waya na ji kana tari, ka ce tsatsa ce ta shiga maƙogwaronka. Ni ba yarinya ba ce. Nan ma kullum labarin mace-macen Kano muke ji. Tun shekaranjiya nake kiranka, waya tana shiga ba a ɗauka. Kausar ta daina tambayata, sai dai ta zuba mini ido. Don girman Allah ko harafi ɗaya ka turo.

Allah Ya tsare mana kai.

Haulatu

Doha, Yuni 2020

Zuwa ga Malama Haulatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ba ki san ni ba. Sunana Kaneng, 'yar Jos, nas ce ni a asibitin da ake killace masu korona. Mijinki yana ɗakin da nake aiki. Na ji yana sambatu da Hausa cikin zazzaɓi, shi ya sa na tsaya a kansa, har ya ba ni lambarki.

Ba zan ɓoye miki ba, ya ji jiki, har yanzu da iskar oksijin yake numfashi. Amma yana samun sauƙi. Abin da ke hana shi cin abinci daban ne: tsohon gidansu ma yana nan, kuma nasa ya fi tsanani. Duk shigowata sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Sista, yaya tsohon? Ni na kai masa cutar." Na ce masa babu likitan da zai iya nuna wanda ya fara kamuwa. Ba ya ji.

Ki turo muryar 'yarku in kunna masa. Ni ma ina yi masa addu'a a tawa hanyar.

Taki,
Kaneng

Al Wakrah, Agusta 2020

Haulatu,

Ina gaishe ku, ina godiya da haƙurinki. Na warke, na koma aiki.

Allah Ya yi wa Abu Nasir rasuwa. Sai da aka sallame ni Sista Kaneng ta faɗa mini. Na je na yi wa Nasir ta'aziyya. Ya dube ni, ya ce, "Halas," wato magana ta ƙare a Larabcinsu, ya miƙo mini makullin mota. Ke nan. Ya sa kwaɗo ya rufe garejin, da injin a warwatse yadda na bar shi.

Wallahi da zagina ya yi da na samu sauƙi. Jakata a haɗe take a ƙarƙashin gado. In na ji jiniyar 'yan sanda sai in leƙa ko wurina suka zo. In ina tuƙa shi na ɗaga kai, sai mu haɗa ido a madubi, kowa ya kau da kai. Ban san me yake jira ba.

Ku yi wa tsohon addu'a, mutumin kirki ne.

Mijinki,
Ɗalhatu

Al Wakrah, Nuwamba 2022

Uwargidana,

Bayan gaisuwa. Kausar ta ce in ba ta labarin gasar ƙwallon duniya da ake yi a nan. Ki ce mata gari ya cika maƙil, hanyar filin Thumama sai tutoci da ganguna, har da waɗanda suka shafa wa fuska fenti.

Amma ke ga naki labarin. Da na zo hutu kin tambaye ni me ya hana ni ƙiba, na ce zafi ne. Shirun mutumin nan ne, fiye da shekara biyu. To makon jiya ya kira ni, ya buɗe kwaɗon. Kujerar tsohon tana nan inda take. A gefe ga kwalaye, ashe ya yi odar kayan babur daga waje: fistin, tayoyi, wayoyi, komai. Ya ce, "Ka ƙarasa shi. In ya tashi za ka ɗauke ni mu je wani wuri, mu biyu." Na ce ina? Ya juya ya tafi.

Na haɗa inji, na wanke tanki, saura haɗa wayoyin wuta kawai. Har lamba ya sa an yi masa. Jiya ƙusa ɗaya ta faɗi mini ya fi a ƙirga.

Ki yi mini addu'a.

Ɗalhatu

Funtuwa

Baban Kausar,

Ina gaisuwa. Ku biyu ina? Hamada ce fa ta kewaye ku, kuma hankalin kowa yana kan ƙwallo. Mutumin da ya yi shiru shekara biyu ba mantawa ya yi ba. Kai bakanike ne, ka san wayar da za ka zare ya ƙi tashi. Ka zare ta. In kuwa ka ƙi jin maganata, ka gaya wa Sista Kaneng ranar, ka bar wayarka a kunne.

Na haɗa ka da Allah.

Haulatu

Al Wakrah, Disamba 2022

Haulatu,

Gaisuwa. Ina nan lafiya.

Na kama wayar zan zare, na kasa. Babur ya tashi. Ranar Juma'a da safe Nasir ya hau bayana ya damƙe rigata, ashe bai taɓa hawa babur ba. Yana nuna hanya, ina salati a zuciya. Maƙabarta ya kai ni.

A gaban kabarin ya ce, "Ba ka samu jana'izarsa ba. Ni ma ban samu ba, ina killace a ɗakina. Gwajina ma ya nuna ina da cutar, na hana a faɗa. Ban sani ba ko ni ne na kai masa ko kai ne. Kullum ina tsoron ka tambaye ni." Muka yi addu'a, muka yi kuka.

A hanyar dawowa mai ya ƙare wajen tashar masunta, don tsoro bai bar ni na cika tanki ba. Tare muka turo shi har gida, shi da farar rigarsa.

Ki karanta wa Inna wannan duka.

Mijinki,
Ɗalhatu