Na Saka Ka a Labarin Mutanen Tasha, Hamisu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga ɗan kawuna, Malam Hamisu mai gyaran rediyo na Kiyawa. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa, ya yalwata maka makwanci.

Na san da za ka ji wannan gaisuwa, da ka yi dariya har hularka ta faɗi. Ni da kai taubasai ne, uwata da ubanka ciki ɗaya suka fito, kuma tun muna yara ba mu iya gaisuwar mutanen kirki ba. Amma ka yi haƙuri, jama'a suna karantawa, ni kuma yanzu mutum ne da ake miƙewa idan ya shigo wuri.

Shekara uku ke nan da muka kai ka. Ga abin da ya sa nake rubuto maka yau.

Ka tuna wasan kwaikwayon nan na rediyo, na mutanen tasha, wanda muke saurara a rumfarka bayan la'asar? Kakan kunna rediyo uku a lokaci guda, duk na mutane ne da aka kawo gyara, wai gwaji kake yi. Ɗaya tana shaƙewa, ɗaya tana tari, ta ukun ce kawai ake jin magana. Mu kuwa mun cika benci, an hana kowa motsi.

An daina wasan tun da daɗewa, amma yaran yanzu ba su bari ya mutu ba. Suna da wani zaure a waya, kowa ya ɗauki mutanen wasan, ɗan kamasho da mai tuwo da Alhajin nan mai motoci, ya ci gaba da labarinsu yadda ransa yake so, sauran su karanta su yi sharhi. 'Yata Zainab ce ta saka ni, don ta gaji da jin ina ba ta labarin wasan.

Na karanta nasu na mako biyu, na ce wannan ai ni ma zan iya. Ka san ban wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar aka ƙarasa. To amma wanda ya fara da tura kurar ruwa a Takur cikin Dutse, ya koma buga bulo da hannu, har ya kai ga gidan bulo na kansa da tifa biyu, ba wanda ya tsaya masa, ai rubutu ba zai gagare shi ba. Na fara, kuma suka yaba. Su a waya suka ji muryar mai tuwo, ni kuwa da ita na girma.

A babi na biyar sai na shigo da kai. Na kafa maka rumfar gyaran rediyo a bakin tasha, na bar maka sunanka yadda yake.

Ashe zauren yana da doka. Duk mutumin da ba ya cikin wasan asali, baƙo suke kiran sa, kuma ba sa son baƙo. Sun ce kowa ya zo ne don mutanen da ya sani, ba don a kawo masa dangin marubuci ba. Idan baƙo ya yi babi uku bai shiga ran mutane ba, sai a kaɗa ƙuri'a, a kore shi daga labarin.

Ni ban damu ba, don na tsara ka tsaf. Na sa kai ne kake fara isa masallaci. Duk rigimar da ta tashi a tasha, wurinka ake kawo ta, ka raba da karin magana biyu. Ba rediyon da ta taɓa gagarar ka. Kana gaida babba, kana gaida yaro, murya ƙasa-ƙasa.

Hamisu, ka ga abin da yaran nan suka yi min? Wani ya rubuta: "Alhaji, wannan mutumin naka ko atishawa ba ya yi ne?" Wani ya ce: "Mun zo jin tsiyar ɗan kamasho, an ɗora mana wa'azi." Wata da take amfani da suna Maman Sadik, wadda ba ta cika magana ba, ta rubuta layi ɗaya tak: "Idan an zo wurinsa, tsallakewa nake yi." Shugabar zauren, Rukayya, yarinyar da na haifi kamarta, ta ce min cikin ladabi saura babi ɗaya a yi ƙuri'a.

Na kashe wayar na jefa ta cikin aljihun mota. Kwana uku ina faɗa wa kaina yara ne, ba su san mutum ba, ba su taɓa zama a bencinka ba. A rana ta huɗu, ina zaune ƙarƙashin dalbejiyar gidan bulo ana zuba wa bulo ruwa, na ɗauko ta na sake karanta abin da na rubuta tun daga farko. Na nemi taubashina a ciki, ban gan shi ba. Wani mutum na gani mai yawan gaisuwa. Kuma na san shi. Shi ne Hamisun da na ƙera da bakina, wanda na zauna da shi shekara biyun ƙarshe.

Ba sai na tuna maka ranar ba, amma zan faɗa, don ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Wani babban ɗan kwangila ya zo ganin bulo, irin cinikin da mutum yake shekara yana jira. Muna tsaye ina nuna masa kaya, sai ga ka a kan tsohon mashin ɗinka mai hayaƙi. Tun daga bakin ƙofa ka ɗaga murya: "Ƙafar Zabo! An ce ka ƙaro tifa, wa yake ɗaga ka ka hau?" Ma'aikatana suka fashe da dariya. Baƙon ma ya yi murmushi ya kalli ƙafafuna.

Sunan da kake kira na da shi ke nan tun muna ninƙaya a kududdufi, kuma shekara arba'in ina ramawa da Cikin Randa. Amma ranar ban rama ba. A gaban kowa na ce maka: "Hamisu, kowane wasa da wurinsa. Nan Alhaji ake ce min."

Ka kashe mashin. Ka sauko, ka rusuna kamar yadda ake yi wa hakimi, ka ce: "Allah ya huci zuciyar Alhaji."

Daga ranar ba ka sake tsokana ta ba. A wurin suna, Alhaji barka da zuwa. Ranar Sallah, Alhaji an sha ruwa lafiya. Na ce fushi ne, zai wuce. Wani lokaci nakan jefa maka Cikin Randa a hankali, kamar mai jefa wa kaza tsaba, ka yi murmushi ka ce: "Haka ne, Alhaji." Har a gadon asibiti, da na kawo maka lemo da magani, ka riƙe hannuna ka ce: "Alhaji, an gode da ɗawainiya." Maganarka ta ƙarshe da ni ke nan. Wallahi da ashar ka yi min, da na fi samun abin riƙewa.

To a ƙarƙashin dalbejiyar nan na goge babin da na shirya, na rubuta ka yadda kake.

Na rubuta yadda rediyo take zuwa wurinka da ciwo ɗaya ta koma gida da biyu. Na rubuta gwangwanin madarar da kake tara ƙusoshin da suka rage bayan ka haɗa kayan mutane, kana cewa kamfani ne ya saka su da yawa. Na rubuta yadda kake sa hannu a kwanon kowa kana cewa ɗanɗana gishiri kake yi, da yadda barci yake kwashe ka mai kaya yana tsaye yana jira. Sannan na mai da kai taubashin Alhaji mai motoci, wanda duk tasha ake tsoro, na sake ka a kansa.

Zauren ya rikice. Wanda ya yi maganar atishawa shi ne ya fara rubuta: "Yau dai baƙo ya sha ruwan garinmu." Da aka yi ƙuri'a, ba wanda ya ce a kore ka.

Daga nan ka fi ƙarfina. Wasu suka fara saka ka a nasu labaran. Wani malamin makaranta ya sa kana son kallon ƙwallo, kai da ba ka san mutum nawa ne a fili ba. Wata ta sa kana cacar baki da mai tuwo kullum a kan miya. Da farko kishi ya kama ni, na ce wa ya ba su izini. Daga baya sai na ga ina buɗe wayar da sassafe don in ji abin da ka ce jiya a bakin wasu. Wani lokaci sukan dace, har in ji kamar kana bayan bango.

Sai na rubuta waccan ranar. Na sa Alhaji mai motoci ya faɗa maka abin da na faɗa maka, kalma da kalma, na sa ka rusuna.

Sun zagi Alhajin nan, Hamisu. Girman kai rawanin tsiya, in ji wani. Wata ta ce motocin banza, mutumin da ya sayar da taubashi ya sayi gaisuwa. Na karanta duka, ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake ko guda ba. Ba su san da wa suke ba.

A babi na gaba na sa Alhajin ya taka da ƙafarsa har rumfarka, ya tsaya, ya ce ka yafe masa. A nan hannuna ya tsaya. Mako biyu Alhajin ya yi yana tsaye a bakin rumfar, ban iya rubuta amsarka ba, don ni ban taɓa zuwa na ji ta ba. Dutse da Kiyawa wace tafiya ce? Motocina kullum sai sun bi ta gaban rumfarka. Ni ne dai ban sauka ba.

Rukayya ta ce idan Juma'a ta yi ban ƙarasa ba, zaure zai zaɓi amsa. Kowa ya kawo tasa. Duk sun sa ka rungume shi kana hawaye kana cewa ka yafe duniya da lahira. Suna da kirki, amma wancan mai gaisuwar suka dawo min da shi. Na ji tsoron kada a rufe labarin da shi, in sake rasa ka.

Shekaranjiya sai ga saƙo ni kaɗai, daga Maman Sadik, mai tsallakewar nan. Ashe Bilkisu ce, babbar 'yarka da take aure a Limawa. Tun farko tana cikin zauren. Ta ce ta riƙa tsallakewa ne don wancan ba babanta ba ne, kuma kunya ta hana ta faɗa min.

Ta rubuta: "Baba Alhaji, babana ba zai ce na yafe ba. Zai kalli ƙafafunka, ya kira ka da sunan nan na tsuntsu wanda bakina ba zai iya faɗa ba, ya ce ka matsa kana tare masa haske." Ta ƙara da cewa a gida ba ka taɓa daina kira na da shi ba. Duk sanda tifata ta wuce, sai ka leƙo ka nuna wa yara, ka faɗi sunan, ka ce da kurar ruwa ya fara, ku dube shi yanzu.

Sunan nan ban taɓa saka shi a labarin ba, Hamisu. Ba inda za ta same shi sai a bakinka.

Ashe ajiye min shi ka yi, kana jira in zo in karɓa. Kai ma da taurin kai, Cikin Randa. Shekara biyu kana rusuna wa mutumin da ka sha ɗauka a baya ku tsallake rafi. Da ka zage ni sau ɗaya ai da an wuce wurin. Amma laifina ne, na sani, ni ne na rufe ƙofar, ni ya kamata in buɗe.

Na rubuta babin jiya da rana, yadda Bilkisu ta faɗa, da sunan a ciki ɓaro-ɓaro. Zan tura shi zaure bayan wannan wasiƙa, don su Rukayya su san Alhajin da suka zaga, su kuma san ban ji haushi ba. Ma'aikatana biyu suna cikin zauren. Gobe za su kalli ƙafafuna. Su kalla.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya sa aljanna ce makomarka. Allah ya albarkaci Bilkisu da ƙannenta, ya ba ni ikon riƙe su. Idan tawa ta zo, Allah ya sa in cika da imani, ya haɗa mu a inuwa ɗaya. Kuma don Allah idan ka hango ni, kada ka gaishe ni.

Naka har abada,
Ƙafar Zabo